3.4 Gwajin Mota Kafin a Ƙulla Ciniki

Wannan sashe zai yi bayani a kan yadda ake gwada mota a wajen dillalan Funtuwa da Malumfashi, da kuma matsayin gwajin a tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Tun daga shekarar 1975 da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, mai sayen sabuwar mota yakan samu garanti daga wakilin kamfanin. To amma bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari yawancin jama'a. Daga nan ne motocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko Kwatano, suka cika kasuwa. Irin waɗannan motoci ba su da garanti. Saboda haka gwaji shi ne ya maye gurbinsa, wato abin da mai saye bai gano ba kafin ya biya kuɗi ya zama nasa.

Cinikin mota a wannan yanki ya fi tashi da kaka, lokacin da manoma suka sayar da masara da dawa da auduga. Mai saye yakan zo da bakanikensa. Bakanike zai fara tayar da injin tun yana da sanyi, ya saurari ƙararsa, ya dubi launin hayaƙin salansa da baƙin mai, sannan ya leƙa ƙarƙashin mota ko akwai tsatsa ko walda. Bayan haka sai a hau titi tare da yaron dillali. Kwalta, kamar hanyar Funtuwa zuwa Zariya, tana nuna lafiyar giya da birki da sitiyari. Amma manomin da zai riƙa kai buhuna kasuwar Dandume ko Bakori ya fi buƙatar a sauka kan burji, domin a nan ne raunin safirin da zafin lagireto suke bayyana. Haka kuma akan gwama lambar inji da ta takardun kwastan.

Bugu da ƙari, a wajen gwaji ne ake auna amanar dillali. Wanda ya hana a yi nisa da mota, ko ya ɗumama inji kafin mai saye ya iso, ana zargin yana rufe aibi. A fiƙihun Malikiyya kuwa, mai saye yana da haƙƙin mayar da hajar da aka ɓoye masa aibinta. Dillalin da ya faɗi aibi tun kafin a yi tayi, la'adarsa kan ragu a ranar, amma shi ake komawa wurinsa wata kakar, domin a garuruwan da kowa ya san kowa labarin ciniki ba ya ɓuya.