Ruwan Lagireto Na Raguwa, Ƙarƙashin Mota Kuwa A Bushe

 

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, ga kaka ta gabato, manyan motoci za su soma zirga-zirga daga Saminaka da Giwa da Dandume zuwa Dawanau. Da yawanmu mun zuba kuɗi a mota, wani shi kaɗai, wani da haɗin gwiwa, alhali abin da muka sani game da inji bai wuce abin da direba ya faɗa mana ba. Ni ma haka nake, har wata cuta ta kama motarmu mai taya goma a kakar 2023, wato ruwan lagireto yana silalewa cikin baƙin mai kaɗan-kaɗan.

Mafarin abin, wata safiya na iske yaron mota yana ɗura ruwa a lagireto. Kashegari ma na sake ganinsa. Na ce wa direba, "Wai ina ruwan nan ke zuwa?" Ya ce, "Alhaji, zafi ne, inji ke shanyewa." A tsakiyar hunturu fa! Ku sani lagireto a rufe yake da marfi mai matsewa, ruwan nan zagayawa yake yi ya komo. Lafiyayyar mota takan yi makonni ba a ƙara mata abin kirki ba. Mu da muka saba da rumbu, in hatsi na raguwa ba mu sayar ba, ai ba ma cewa iska ce.

Sai na yi abin da na iya, wato awo. Na sa aka ajiye gorar nan ta lita ɗaya da rabi a mota. Kowace safiya, inji a sanyaye, mota a tsaye wuri mai daidai, a cika lagireto zuwa alama ɗaya, a zaro geji a duba mai, a rubuta a littafin lodi. Cikin mako biyu lissafi ya fito: gora ɗaya duk kwana uku. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gejin mai. Motar da a da sai an ƙara mata mai in ta yi doguwar tafiya, yanzu mai yana nan cif, har ya ɗan hau. Direba murna yake yi wai inji ya daina shan mai. Ashe ruwa ne ke cike gurbin.

Kafin a zargi cikin inji, a fara kawar da na waje, domin shi ne mai araha. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ta kwana a kai. A bi tiyo-tiyo da hannu, a duba ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa, a nemi zanen fari ko na tsatsa inda ruwa ya taɓa bi ya bushe. A duba robar marfin lagireto, don in ta mutu ruwa ta nan yake fita. Mu duk mun yi wannan, ba mu sami kome ba.

To, a nan ne mutane ke ruɗewa. Kowa ya san in ruwa ya shiga mai, mai yakan koma kamar shayi da madara. Gaskiya ne, amma in yoyon babba ne. In ƙarami ne, kuma mota na doguwar tafiya, zafin mai yakan mai da ruwan tururi ya fice ta tiyon numfashin inji, ka zaro geji ka ga mai baƙi wuluk. Haka nan ɗan farin kumfa a ƙarƙashin marfin mai shi kaɗai ba hujja ba ne, raɓar sanyi ma tana kawo shi a injin da ba ya aiki ya yi zafi sosai. Gwaji biyu ne suka fi gaskiya, kuma ba sa cin ko kwabo. Na farko, a bar mota ta kwana ba a tayar ba, da asuba a sassauta notin juye mai kaɗan, ba a cire ba, a tara kwalba mai haske. Ruwa ya fi mai nauyi, a ƙasa yake kwanciya, shi zai fara ɗigowa. Na biyu, a ɗiga man a kan ƙarfe mai zafi, ko tsohon cokali bisa garwashi. Mai zalla hayaƙi yake yi shiru. Mai ruwa kuwa sai ka ji yana tsartsatsi kamar an sa ɗanyen nama a kasko. Namu ruwa ya fito kusan rabin kofin shayi kafin mai ya biyo.

Kada wani ya ce rabin kofi ai ba kome ba ne. Kiranshaf ba ya taɓa metal ɗin da yake juyawa a kai, ɗan siririn mai ne ke raba su. In ruwa ya gauraya da man, wannan shamaki sai ya yi rauni, metal ya soma cinyewa a ɓoye, har ranar da inji zai buga, kuma galibi da kaya a kan mota yake bugawa. Wanda ke zuba koren ruwan nan ko ja na kanti ma kada ya yi sake: shi ba ya ƙonewa ya fice kamar ruwa, zama yake yi ya kama mai ya yi kauri kamar kunu, ya toshe filta.

Bakaniken farko da muka kai wa, ko kwanciya ƙarƙashin mota bai yi ba, ya ce gasket ne, a buɗe kan inji. Ya yanka kuɗi. Har na kusa biya, abokin haɗin gwiwata ya ce mu ji ta bakin wani dattijo da ya tsufa a aikin manyan motoci. Na gaya masa abin da aka ce. Ya ce, "Alhaji, ƙofa huɗu ce ko biyar ruwa ke bi. In ka biya aka toshe wadda ba ita ba ce, ka dawo ka sake biya. Ka ba ni kwana biyu."

Ƙofofin kamar yadda ya nuna mini su ne waɗannan. Akwai gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, da tsagewa a kan injin kansa, wanda yawanci yakan biyo bayan mota ta taɓa yin zafi har ta tafasa. Su biyun nan sau da yawa sukan tona kansu: in aka tayar da inji a sanyaye marfin lagireto a buɗe, sai ka ga kumfa na tasowa ba yankewa, tiyo ya yi tauri da wuri, wani lokaci salansa na fitar da farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi. Akwai tukunyar sanyaya mai, wadda kanikawa ke kira oyil kula, inda mai da ruwa ke tafiya kusa da juna, ƙarfe siriri ne tsakaninsu. Ita tata dabarar daban ce. In inji na aiki, ƙarfin mai ya ninka na ruwa, sai mai ya shiga lagireto ka gan shi yana yawo a saman ruwa. In aka kashe inji, ƙarfin mai ya faɗi nan take, ruwa kuwa yana nan da zafinsa da matsinsa, sai shi ya tura cikin mai. Kwamfaresar iskar birki ma, in irin wadda ruwa ke sanyaya kanta ce, a tuna da ita.

Sa'an nan akwai silib, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki. A yawancin manyan injina ruwa na zagaye silib ɗin kai tsaye, robobi ne kawai a gindinsa ke hana ruwan gangarawa cikin mai. Ba kowane inji ke da irin wannan ba, injin tsohuwar Mercedes 911 ba haka aka gina shi ba, saboda haka a tambayi irin injin tukuna.

Abin da dattijon ya yi bai wuce haƙuri ba. Ya juye mai, ya kwance tukunyar mai ta ƙasan inji, ya goge ciki tas da tsumma. Ya cika lagireto, ya ɗaura masa famfon hannu mai agogo a gurbin marfi, ya buga iska daidai lambar da ke rubuce a kan marfin, bai zarce ba don kada ya fasa lagireto. Ya shimfiɗa farin kwali a ƙasa. Har la'asar allurar agogo ba ta motsa sosai ba, ni har na fara cewa ɓata lokaci ne. Ya ce wani yoyon sai ƙarfe ya yi zafi yake buɗewa, wani sai ya huce. Ya sa aka juye ruwan aka zuba mai zafi, aka sake bugawa, aka bar ta ta kwana. Oyil kula kuwa ya cire ta daban, ya toshe bakinta, ya hura mata iska cikin bahon ruwan zafi, ba ta yi kumfa ba. Da safe ya kira ni, ya ba ni tocila, na kwanta da babbar rigata a kan tabarma. Ga ɗigo nan yana taruwa a gindin silib na biyar, a hankali, kamar hawaye. Gasket ɗin da aka so mu biya kuɗinsa lafiyarsa lau.

Da aka zaro silib ɗin, bayansa duk ƙananan ramuka kamar ƙwaro ya ci wake, tsatsa ta cinye mazaunin roba. Dalili kuwa laifinmu ne. Shekara da shekaru ruwan rijiya da na kududdufi muke ɗura wa motar. Duk bugun da fistin ya yi silib na girgiza, ruwan da ke jikinsa yana yin ƙananan kumfa suna fashewa suna ƙwaƙular ƙarfen. Ruwan kanti na manyan injina yana da maganin da ke yi wa ƙarfe rufi ya tare wannan. Ruwan rijiya ba shi da shi, sai ma kanwa da gishirin da ke daskarewa a ciki.

Aikin ya ci mana kuɗin buhun masara goma sha huɗu a farashin lokacin, da kwana shida ba lodi. An sake silib biyu da robobi duka, an duba metal aka iske sun fara yin dishi-dishi aka sake su, kiranshaf ya tsira. Da ya buga, da sai an sayar da abin da ya ninka haka.

Ku dillalan mota, da masu shirin saye kafin kaka, ga abin lura. Wanda ya san motarsa na da wannan cuta yakan juye mai ya zuba sabo ranar da za a zo gani. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma mai saye na da ikon mayar da kaya, amma shari'a bayan an biya kuɗi doguwa ce. In ka ga mai sabo fil a tsohuwar mota, ka nemi a yi tafiya da ita, ta kwana a hannunka, ka sassauta noti da asuba da kanka. In mai ita ya ƙi, kai ma ka ƙi.

Bayan gyara, kada a tsaya ga juye mai sau ɗaya. A zuba mai da sabuwar filta, a yi tafiya kaɗan, a sake juyewa, don ragowar ruwan da ya maƙale a lungunan inji ya fita. A gargaɗi yaran mota kada su buɗe marfin lagireto inji na da zafi, kuma ruwan kantin nan guba ne duk da zaƙinsa, kada a zubar da shi inda awaki ko yara za su kai baki. Gorar awo kuwa har yau tana bayan kujerar direbanmu, ni nake duba littafin kowace Juma'a.