Yadda Ake Gane Cututtukan Kifi da Magance Su a Yankin Azare da Katagum

Kiwon tarwaɗa da karfasa a tankunan siminti da na tamfol ya samu karɓuwa a Azare da garuruwan da ke bakin kogin Jama'are. Sai dai kifi ba ya kuka kamar akuya, kuma kafin mai shi ya farga an yi asarar rabin tanki. Wannan bayani zai taimaka maka, ya kai manomi, da kai malamin gona, wajen gane ciwo tun da wuri.

Fara da duba ruwa

Mafi yawan mace-macen kifi daga lalacewar ruwa suke farawa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai maki 40 a wannan yanki, ruwa ba ya riƙe iskar oksijin sosai, kuma ragowar abinci da kashin kifi suna saurin ruɓewa su haifar da gubar amoniya. Ka leƙa tankinka da asuba, domin a lokacin ne iskar ta fi ƙaranci. Idan ka tarar da karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, ko tarwaɗa sun tsaya a tsaye kai sama ba sa motsi, ko ruwan yana wari, to ka dakatar da abinci na kwana ɗaya, ka zubar da rabin ruwan ka sa sabo. Ruwan rijiyar burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, don haka a bar shi ya riƙa zubowa daga sama yana fantsama. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, ba sai an sayi magani ba.

Fararen ƙuraje

Wannan ciwo ya fi kama 'ya'yan kifi, kuma shi ne ke addabar kifin ado da ake ajiyewa cikin akwatin gilashi. Za ka ga ƙananan ɗigo farare kamar ƙwayar gishiri a jikin kifin, yana ta goga jikinsa da bango. Wata ƙaramar halitta ce ke shiga ƙarƙashin fata, kuma muddin tana ciki magani ba ya taɓa ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su fito neman sabon kifi. A wannan fitowar ce kawai ake iya kashe su. Shi ya sa wanda ya yi magani sau ɗaya ya tsaya yake ganin ciwon ya dawo.

A narka gishirin girki giram 3 a kowace lita ta ruwa, a bar kifin a ciki har kwana 10, kuma a kowane canjin ruwa a ƙara gishiri daidai da ruwan da aka zubar. Ga lissafin: tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, da zurfin ruwa mita 1 yana ɗauke da lita 6,000, wato yana buƙatar gishiri kilo 18. A auna zurfin ruwan, ba tsayin bango ba. Malaman gona su dage kan wannan, domin magani da ƙiyasin ido ko dai ya gaza ko ya kashe kifin.

Fumfuna

Lokacin hunturu, a Disamba da Janairu, sanyi yana rage wa kifi cin abinci da ƙarfin jiki. Duk wanda ya ji rauni wajen kamu sai wani abu kamar auduga ya tsiro a kan raunin. A rage taɓa kifi a wannan lokaci, kuma a rufe tanki da dare. Wanka cikin ruwan gishiri giram 10 a lita na minti 30 yana taimakawa. A cire kifin nan take idan ya fara kifewa.

Gyambo, kumburin ciki da fashewar kai

Jan gyambo a jiki, zaizayewar gashin baki da wutsiya, da ciki mai cike da ruwa alamu ne na ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ke samun dama idan kifi ya yi cunkoso. Ana amfani da oksitetrasaikilin a cikin abinci na kwana 10, bisa umarnin likitan dabbobi, sannan a jira aƙalla kwana 21 kafin a sayar. Al'adar zuba kafso a cikin ruwa duk mako ɓarnar kuɗi ce, kuma tana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, har da waɗanda ke kama mutane. Kada a yi amfani da kuloramfenikol ga kifin da za a ci.

Tsagewar ƙoƙon kai a tarwaɗa kuwa an fi danganta ta da ƙarancin bitamin C da ƙazamin ruwa. Bitamin ɗin yana lalacewa idan buhun abinci ya daɗe a ɗaki mai zafi, saboda haka kada ka sayi fiye da abin da za ka ƙarar cikin wata ɗaya ko biyu.

Baƙon kifi

A ƙarshen shekarar 2018 wata cutar bairos ta kashe karfasa masu ɗimbin yawa a gonakin tafkin Volta da ke Ghana, kuma irin wannan cuta ba ta jin kafso. Jigilar 'ya'yan kifi daga gona zuwa gona na cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta. Idan ka sayo sababbi, ka keɓe su a wani tanki na mako biyu, da komarsu da bokitinsu daban. Kada ka haɗa kifin da aka kamo daga kogi ko fadama da na gida. Mushen kifi a binne shi, kada a jefa wa sauran.

Idan mutuwa ta ci gaba bayan kwana biyu da canjin ruwa, ka kai kifi mai ciwo da ransa, tare da ruwan tankin a kwalba mai tsabta, ga likitan dabbobi ko ofishin BSADP da ke Azare. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa da cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom su ne ake tuntuɓa idan ana buƙatar gwaji mai zurfi.