Talasimiya: Ƙarancin jinin da ba ya jin maganin ƙarin jini

Kusan kowane gida ya san kwalbar maganin ƙarin jini. Da zarar yaro ya dawo hutu yana kukan gajiya, ko aka ja fatar idonsa aka ga cikinta ya yi fari, sai a ce jininsa ya yi ƙasa, a aika kemis. Sau da yawa akan dace, domin rashin isasshen sinadarin ƙarfe, wanda likitoci ke kira ayon, shi ne kan gaba wajen haddasa ƙarancin jini a duniya.

Amma akwai ɗalibin da zai shanye kwalba uku, a sake gwaji, a tarar jinin na nan inda yake. A canza masa wani maganin, a haɗa da allura, shiru kake ji. Mai yiwuwa wannan ɗalibi ƙarfen jikinsa ya isa, gadon wani yanayin jini ya yi da ake kira ƙaramar talasimiya. Idan haka ne, duk cokalin da ya ƙara sha kaya yake ɗora wa hantarsa.

Mece ce talasimiya?

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, shi ke ɗauko iskar da muka shaƙa daga huhu ya rarraba wa sassan jiki. Da sarƙoƙi huɗu aka gina shi, biyu ana ce musu alfa, biyu kuma beta. Umarnin ƙera su yana cikin ƙwayoyin gadon da kowa ya samu daga mahaifinsa da mahaifiyarsa.

A ɓangaren beta, ƙwayoyin gado biyu ne ke wannan aiki. Idan ɗaya ta samu rauni ɗayar na lafiya, shi ne ƙaramar talasimiya. Idan duka biyun suka gaza, to babbar ta samu, wadda kan bayyana tun yaro na goyo, kuma sai ana yi masa ƙarin jini duk bayan 'yan makonni har iya rayuwarsa. A ɓangaren alfa kuwa ƙwayoyin huɗu ne, wanda ya rasa ɗaya ko biyu yawanci ba ya ma sanin yana da wani abu.

Wani likitan yara a birnin Ditiroit na Amurka, Thomas Cooley, shi ya fara bayyana babbar a 1925. Da yake a 'ya'yan mutanen Italiya da Girka aka fi ganinta a lokacin, sai a 1932 aka raɗa mata suna daga kalmar teku a harshen Girkanci, ana nufin Bahar Rum. Daga baya aka gano tana nan a Gabas ta Tsakiya da Indiya da Pakistan da Kudu maso Gabashin Asiya da kuma Afirka, wato yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana addaba. Kamar gadon sikila, gadon talasimiya ma yana ba mai shi ɗan kariya daga tsananin wannan zazzaɓi, abin da ya sa ya yawaita a waɗannan wurare. A Afirka ta Yamma nau'in alfa ya fi yawa, na beta ba shi da yawa amma ana samunsa.

Ƙaramar ba ta rikiɗewa ta zama babba, kuma ba ta hana karatu ko wasa. Shahararren ɗan wasan tanis na Amurka, Pete Sampras, wanda asalin iyayensa ya haɗa da Girka, yana ɗauke da ita, kuma ya lashe manyan gasannin duniya na tanis har sau 14.

Kama da wane ba ta wane

Abin da ke rikita mutane shi ne, a takardar gwaji mai ƙaramar talasimiya da mai ƙarancin ƙarfe kamar an tsaga kara suke. Dukansu jininsu ya ɗan yi ƙasa, dukansu ƙwayoyin jininsu ƙanana ne. A takardar cikakken gwajin jini akwai layin da aka rubuta MCV, wato girman ƙwayar, kuma a wajen su biyun yakan sauko ƙasa da 80.

Bambancin yana wajen yawa. Mai ƙarancin ƙarfe ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma kaɗan, domin kayan aiki sun yanke wa ɓargo. Mai talasimiya kuwa ƙwayoyinsa ƙanana ne amma da yawa. Shi ya sa likitoci ke da wani ɗan lissafi da ɗalibin aji ɗaya ma zai iya: a raba MCV da adadin jajayen ƙwayoyin, wato layin RBC. Idan amsar ta gaza 13 akan yi zargin talasimiya, idan ta haura akan yi zargin ƙarancin ƙarfe. Misali, MCV 65 a raba da 5.8 zai ba da 11 da ɗoriya.

Wannan manuniya ce kawai. Gwaje-gwajen da ke raba gardama biyu ne. Na farko shi ne feritin, mai nuna yawan ƙarfen da jiki ya ajiye. Na biyu shi ne auna wani nau'in himogulobin da ake kira A2, wanda a wajen mai nau'in beta yakan wuce kashi 3.5 cikin 100. Nau'in alfa ba ya fitowa a wannan gwaji, sai an duba ƙwayoyin gadon kansu. A kuma lura, feritin na hawa idan mutum na fama da zazzaɓi ko wata cuta, don haka gara a yi gwajin bayan an warke.

Ƙarfe ba shi da ƙofar fita

Jikin baligi na ɗauke da kimanin giram 3 zuwa 4 na ƙarfe. Abin da yake zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, ta fatar da ke sabulewa da bangon hanji da kuma jinin al'ada. Ban da wannan, ba shi da hanyar fitar da wanda ya yi masa yawa. Iyakar dabararsa ita ce tsare ƙofar shiga: hanta na fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke umartar hanji ya rage tsotsar ƙarfe idan rumbun ya cika.

A wajen mai ƙaramar talasimiya wannan mai gadi yana aikinsa gwargwado, shi ya sa da wuya abinci kaɗai ya cika masa jiki da ƙarfe. Haɗarin daga magani yake. Ƙwaya ɗaya ta maganin ƙarfe da aka saba bayarwa na ɗauke da kimanin miligiram 65, kuma idan aka yi watanni ko shekaru ana sha ba tare da buƙata ba, abin da ke sulalewa ciki yana taruwa. Allurar ƙarfe ta fi muni, domin ba ta bi ta ƙofar hanji ba sam. Ciwon hanta da shan giya da wani gadon na daban mai sa jiki tsotsar ƙarfe fiye da kima duk suna ƙara ta'azzara lamarin.

Rarar kan kwanta a hanta da zuciya da kuma gaɓar da ke sarrafa sukari, tana cin su a hankali. Alamominta na farko, gajiya da ciwon gaɓoɓi, su ne kuma suke sa a sake komawa kemis neman ƙarin wata kwalbar. Masu babbar talasimiya sun fi kowa sanin wannan, domin kowace ledar jini da aka ƙara musu na zuwa da kimanin miligiram 200 na ƙarfe, sai sun riƙa shan magunguna na musamman da ke fitar da shi.

To me za a ci?

Mai ƙaramar talasimiya da feritin ɗinsa ke daidai zai ci abin da 'yan gidansu ke ci. Babu dalilin hana shi nama ko wake ko zogale. Ganyaye irin su alayyahu da zogale, da wake da gyaɗa, suna ɗauke da folik asid, wanda ɓargo ke buƙata wajen ƙera sababbin ƙwayoyi, kuma likita kan iya rubuta shi a ƙwaya, musamman ga mai juna biyu. Folik asid daban, maganin ƙarfe daban, duk da ana yawan haɗa su a ƙwaya ɗaya. Shi ya sa karanta jikin kwali yake da muhimmanci, har da na magungunan ƙarin kuzari.

Ƙarfen abinci iri biyu ne. Na nama da hanta da kifi jiki na tsotsarsa cikin sauƙi. Na wake da hatsi da ganye kuwa sai da ɗan taimako. Bitamin C, irin na lemo da gwaba da garin kwalba da nono, wato 'ya'yan kuka, yana ƙara tsotsarsa. Shayi da kofi da madara suna ragewa idan aka sha su tare da abinci.

Wanda gwaji ya nuna ƙarfensa ya hau zai yi amfani da wannan ilimi ta fuska ɗaya: ya rage yawan cin hanta da jan nama, ya sha shayinsa tare da abinci, ya daina haɗa ƙwayar bitamin C da cin abinci, ya kuma bi abin da likita ya tsara, domin abinci na rage shigar sabo ne, ba ya kwashe wanda ya riga ya kwanta.

Wanda ƙarfensa ya yi ƙasa zai juya lissafin. Gadon talasimiya ba ya hana mutum kamuwa da ƙarancin ƙarfe na gaske, musamman 'yan mata masu zubar da jini da yawa a lokacin al'ada, da masu juna biyu, da yaran da tsutsar ciki ke sha wa jini. Irin waɗannan za su sha maganin ƙarfe na ƙayyadadden lokaci, a sake gwaji, a tsaya. Su jinkirta shayi zuwa kamar awa guda bayan cin abinci. A kuma ɓoye ƙwayoyin daga ƙanne, domin ƙaramin yaro da ya haɗiye su da yawa zai iya rasa ransa.

Kafin a kai ga maganar aure

Idan masu ƙaramar talasimiya nau'in beta biyu suka yi aure, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da babbar. A tsibirin Kubrus, inda kusan mutum ɗaya cikin bakwai ke ɗauke da gadon, gwajin kafin aure ya rage haihuwar irin waɗannan yara ƙwarai. Saudiyya ma ta wajabta gwajin sikila da talasimiya kafin aure tun 2004.

Mu a nan abin da ya fi shafarmu shi ne haɗuwarta da sikila. Gwajin jinotayif da aka saba yi kan nuna mai nau'in beta a matsayin AA. Idan ya auri mai AS, ɗan da ya ɗauko beta mai rauni daga ɗaya da S daga ɗayan zai iya fama da ciwo irin na sikila. Wasu gidajen sun shiga zargin juna a kan haka, alhali ba laifin kowa ba ne, gwajin ne bai kai can ba.

Don haka ɗalibin da aka sha gaya masa jininsa ya yi ƙasa, ya kuma sha magani bai ga canji ba, ya roƙi iyayensa su kai shi asibiti a yi masa cikakken gwajin jini da na feritin, idan da hali har da na A2. Ya adana takardar sakamakon kamar yadda yake adana ta jarrabawa, ya nuna wa duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta masa magani. Ranar 8 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar talasimiya ta duniya, dama ce ga ƙungiyoyin kimiyya da na lafiya a makarantu su gayyato likita ko ma'aikacin ɗakin gwaji ya koya wa ɗalibai yadda ake karanta wannan takarda.