Ranar horar da ƙananan likitoci: yadda ake shirya ta, da inda mu mazauna Kudu za mu sa hannu

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin koyarwa da ƙarfe biyun dare, a Legas ne ko Badun ko Fatakwal, ya san da wuya ya tarar da farfesa a ɗakin agajin gaggawa. Wanda zai fara duba masa mara lafiya matashi ne, mai yiwuwa bai fi shekara biyu da gama makaranta ba, kuma shi ne zai ɗauki matakin farko kafin babba ya iso. To kun ga maganar yadda ake horar da waɗannan matasa ta shafe mu kai tsaye. Ni likita ne, a Sabo na tashi, kuma na sha zama cikin kwamitin da ke shirya musu ranar horo. Shi ya sa na ga ya dace in bayyana wa 'yan uwa yadda abin yake, don akwai wurin da sai da mu zai yi kyau.

Su wane ne ƙananan likitocin?

Karatun likita a Najeriya shekara 6 ne. Idan ɗalibi ya gama, hukumar kula da aikin likita ta ƙasa, wato MDCN, lasisin wucin gadi take ba shi. Sai ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, yana zagaya sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da sashen mata da haihuwa, kowanne kusan wata uku. Daga nan ya samu cikakken lasisi, ya tafi bautar ƙasa.

Wanda ke son zama ƙwararre a fanni ɗaya sai ya sake komawa asibitin koyarwa ya yi shekara 4 zuwa 6, wani fannin ma ya fi haka, yana aiki yana karatu. Jarrabawa hawa uku zai ci, ko dai ta kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma. Waɗannan su ne "likitoci masu neman ƙwarewa" da kuke ji a rediyo duk lokacin da ƙungiyarsu ta NARD ta shiga yajin aiki. Su da masu sanin makamar aiki ne ke riƙe da asibiti dare da rana.

Galibin abin da suke koya a bakin gadon mara lafiya suke koyonsa, cikin gudu da gajiya. Amma akwai abubuwan da bai kamata mutum ya fara gwada su a jikin ɗan Adam ba. Don haka ake ware yini guda a zaunar da su, su ji, su gwada, su yi kuskure a inda kuskuren ba zai cutar da kowa ba.

Zaɓen abin da za a koyar

Taura biyu ba ta taunuwa. Yini ɗaya, maudu'i ɗaya. Kuma ba abin da babban malami ke sha'awar magana a kai ake ɗauka ba, tambaya ake yi. Mukan raba wa ƙananan likitocin takarda, ba suna, kowa ya rubuta abu uku da ya fi ba shi tsoro idan yana aikin dare. Mukan tambayi nas-nas da unguwarzoma, domin su ne ke ganin inda hannun sabon likita ke rawa. Sannan a duba rahoton zaman da kowane sashe ke yi na bitar waɗanda suka rasu ko jikinsu ya rikice. Idan aka haɗa ukun nan, maudu'in da kansa yake fitowa: zubar jini bayan haihuwa, jijjigar masu juna biyu, yaron da ya zo numfashi sama-sama, ko wanda aka kwaso daga hatsarin mota.

Sa rana da neman masu riƙon aiki

Nan ne fa gizo ke saƙar. Asibiti ba shago ba ne da za a ja ƙofa a ce an tafi taro. Idan ba a tanadi masu riƙon aiki ba, za ka ga mutum ya zauna minti goma wayarsa ta yi ƙara, ya fita, shi ke nan ba zai dawo ba.

Saboda haka ana sanar da ranar tun saura mako shida zuwa takwas, kafin a fitar da jadawalin aiki na watan. Hanyar da na ga ta fi aiki ita ce a yi horon sau biyu: rabi su zo wannan makon, rabi mako mai zuwa. Manyan likitoci kuma su yarda su karɓi kiran gaggawa na wannan yinin. Wanda ya kwana aiki ba a sa shi a lissafi, don gyangyaɗi kawai zai zo ya yi. Ana kauce wa lokacin jarrabawar kwalejoji, a kauce wa Juma'a da Lahadi, in kuma ya faɗo cikin azumi a taƙaita shi a tashi da wuri. A Legas har cunkoson hanya sai an sa a lissafi.

Yadda yinin ke tafiya

Da safe gajerun laccoci ne, kowacce kada ta wuce minti 20, sai tambayoyi. Sauran yinin duk na aikin hannu ne. A raba mutane rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, suna zagaya tebura, kowane tebur da malaminsa.

A tebur ɗaya akwai mutum-mutumin roba da ake koyon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Ƙa'idar a baki mai sauƙi ce: danna ƙirji sau 30, hura iska sau 2, dannawar ta kai 100 zuwa 120 a minti, zurfinta santimita 5 zuwa 6. Amma sai mutum ya durƙusa ya yi minti biyu yana yi zai gane yadda hannu ke saurin gajiya, da dalilin da ya sa ake canjin hannu.

A wani teburin kuma zubar jini bayan haihuwa. A littafi an ce idan jinin ya kai mililita 500 cikin awa 24 an shiga haɗari. To yaya mililita 500 take a ido? Sai a jiƙa zani da ruwa mai jan launi wanda aka auna, a ce kowa ya kimanta. Yawanci ƙasa da gaskiya suke faɗa, kuma wanda ya ga haka sau ɗaya ba ya mantawa. Sannan a gwada rabon aiki: wa zai murza mahaifa, wa zai sa ruwa, wa zai yi allurar oksitosin, wa zai ruga neman jini, wa zai kira babba.

Bayan kowane gwaji a zauna a tattauna me ya tafi daidai, me za a gyara. Doka ɗaya muke kafa wa malamai: ban da tozartawa. Yaron da aka kunyata gaban 'yan uwansa ba zai sake tambaya ba, kuma likitan da ke tsoron tambaya shi ne abin tsoro.

Akwai ƙananan abubuwa da ke iya rusa shiri: janareto da man da zai kai yamma, abinci da ruwa, wurin sallah, da wanda zai riƙe agogo ya tsayar da malami in lokacinsa ya cika, komai girmansa. Idan kamfanin magani ne ya ɗauki nauyi, a faɗa a fili, kuma ba shi zai zaɓi abin da za a koyar ba. A ƙarshe a yi 'yar jarrabawa irin wadda aka yi da safe a ga ko an ƙaru, bayan wata uku kuma a koma sassa a tambaya ko wani abu ya canza.

Inda muka shigo

Asibitin koyarwa na Legas, wanda aka kafa a 1962, a Idi-Araba yake, jikin unguwar Hausawa. Na Badun, da aka buɗe a 1957, ba shi da nisa da Sabo. Haka abin yake a garuruwa da dama: muna kusa da manyan asibitoci, amma galibin likitocin da ke cikinsu ba sa jin Hausa, mu kuma da yawa daga cikin mata da tsofaffi da sababbin zuwa ba su da Turanci ko Yarbanci ko Ibo, buroka ma kaɗan-kaɗan. Ba laifin kowa ba ne, amma gyaransa na kowa ne. Shi ya sa duk kwamitin da na zauna nakan roƙi a ba ni awa ɗaya ta koyon sauraron mara lafiya Bahaushe.

Ga irin abin da ake koyarwa. Ka tambayi Bahaushe "yaya jiki?", ko yana gargara zai ce "da sauƙi, alhamdu lillahi". Tafinta ya juya ya ce wa likita ai ya ce ya samu sauƙi. Dole sabon likita ya san wannan gaisuwa ce, tambayar tana gaba. Idan mace ta ce tana da "sanyi", tana iya nufin ciwon gaɓoɓi, ko ruwa mai fita daga gabanta, ko zafin fitsari. "Basir" a bakinmu ya haɗa taurin bayan gida da zubar jini da ciwon baya. "Shawara" kuwa, tafintan da bai ƙware ba zai ɗauka magana ake nema, alhali idon yaro ne ya yi rawaya. Ga kunya: uwa ta ƙi faɗar sunan ɗanta na fari, ko mace ta yi shiru kan matsalar al'ada saboda ɗanta ko surukinta ne ke fassara.

Sai kuma abubuwan da ba a faɗa in ba a tambaya ba. Jiƙon da aka sha kafin a zo. Mai ciwon suga da ya yi niyyar azumi, wanda ya kamata a zauna da shi a gyara masa lokutan magani tun kafin watan ya kama. Muna koya wa likitocin su yi tambayar ba da faɗa ba, su kalli mara lafiya maimakon tafinta, su yi gajerun jimloli, kada su sa yaro ƙarami fassara, sannan kafin a rabu su ce mara lafiya ya maimaita yadda zai sha maganin da bakinsa.

Wannan awa ba ta yiwuwa da allo da majigi. Mutane ake bukata, masu lafiya, waɗanda za su zauna a matsayin marasa lafiya na wasa, likita ya yi musu tambayoyi ta bakin tafinta, daga baya su gaya masa inda suka gane da inda ransu ya sosu. Dattijuwa ɗaya mai baki ta fi lacca uku amfani.

Abin da za mu iya yi

Fadar Sarkin Hausawa, kwamitin masallaci, ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin na Mile 12 da Bodija da Shasha, da ƙungiyoyin mata na Islamiyya, duk suna da ƙofar shiga. A rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe ko reshen ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa na asibitin da ke kusa, a ce muna da mutum huɗu ko biyar, maza da mata, da za su zo ranar horo. A haɗa da jerin masu jin Hausa da Turanci ko yaren garin waɗanda suka yarda a kira su in an rasa tafinta, kuma lallai a samu mata a ciki. A ja musu kunne cewa abin da suka ji a asibiti amana ne, ba labarin majalisa ba. Kada kuma a kawo katin wani ko labarin ciwonsa a matsayin misali ba da izininsa ba.

Mu kuma da ke zuwa da marasa lafiya, idan matashin likita ya zo duba ka, ba shi haɗin kai. Kana da damar tambayar sunansa da sunan babban da ke sama da shi, kana da damar cewa ba ka gane ba a sake maimaitawa, kana da damar neman mace ta zauna yayin da ake duba matarka. Likitan da aka horar da kyau ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, ai su aka koya masa ya saurara.

Duk unguwar da ta shirya, ta fara da takardar nan tun yanzu, tunda jadawalin asibiti da wuri ake tsara shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yi wa masu duba su jagora.