Tukunyar Gas da Murhun Goggo

Goggona ta daina girki da gas tun ranar da tukunya ta fashe a layinsu. Ba a gidanta ba ne, ko wutar ma ba ta gani ba, ƙara kawai ta ji. Washegari ta sa yara suka mirgina tata tukunyar zuwa zaure, ta koma murhu mai duwatsu uku. Yanzu in ka je gaishe ta da hantsi, durƙushe za ka same ta tana hura wuta, idanu jajur, hawaye shaɓe-shaɓe. Na ce, "Goggo, wannan hayaƙin fa?" Ta ce, "Ɗan nan, hayaƙi dai bai taɓa yaye rufin kowa ba."

Ita nake tunawa duk lokacin da aka tayar da zancen masu ciwo a Amurka da ke barin ƙwayoyin kashe raɗaɗi suna komawa tabar wiwi ta asibiti. Su ma ƙarar fashewa suka ji. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, ɗan gidan su mofin da kodin da tiramol, aka yi ta rubuta wa jama'a kamar ana rabon goro. Aka kamu, waɗansu suka zarce zuwa hodar hirowin da fentanil, har ta kai a 2022 kaɗai wannan dangin ya kashe sama da mutum 80,000 a ƙasar. A dai 1996 ɗin ne jihar Kalifoniya ta halatta wiwi don magani. Kanada ta bi sahu a 2001, Jamus a 2017, Birtaniya a 2018.

Dalilin Goggo yana da tushe a nan. Ƙwayoyin nan suna sauka ne a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe da numfashi, in an zarce kima sai mutum ya yi barcin da ba farkawa. Sinadarin wiwi, wato THC, wanda Raphael Mechoulam ya tantance a Isra'ila a 1964, bai cika taɓa wannan wurin ba. Shi ya sa da wuya ka ji wiwi ita kaɗai ta tsayar da numfashin wani.

Sai dai murhu ba kowane girki yake yi ba. Wake da ganda, abin da ke son a bar shi ya yi ta dahuwa, itace ya fi ƙarfinsu. Haka wiwi: inda ta fi nuna amfani shi ne ciwon da ya daɗe, musamman na jijiya, mai zugi da tsikari kamar ana soka allura. Cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta faɗi hakan a rahotonta na 2017, ko da yake sauƙin da ake samu matsakaici ne. Hukumar NICE ta Ingila kuwa, a 2019, cewa ta yi kada likitoci su bayar da ita don daɗaɗɗen ciwo, hujjar ba ta gamsar da ita ba. Wanda aka fito da shi daga tiyata, ko wanda babur ya karya wa cinya, ba ya jiran itace ya kama. Mofin yake buƙata, nan take.

Hayaƙin ma yana nan. Wajen mutum ɗaya cikin goma na masu shan wiwi yakan kamu, ya kasa bari. Ga jiri, ga mantuwa, ga taɓin hankali da take iya tayarwa, musamman ga matashi ko wanda abin yake a danginsu.

Akwai wani bincike da masu son ta suka yi ta yawo da shi. A 2014 aka wallafa cewa jihohin da suka halatta wiwin magani sun samu ragin mutuwar ƙwaya da kusan kashi 25 cikin 100 tsakanin 1999 da 2010. Da waɗansu masanan suka ja lissafin zuwa 2017, suka buga a 2019, sai ga shi ya juye, mutuwar ta fi yawa a waɗannan jihohin. Tamkar a ce tun da Goggo ta koma murhu gobara ta ragu a unguwa, alhali damina ce ta shigo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yaran bakin kwana da ke cewa, "Ai Turawa ma sun ce magani ce." Wace? Sativex da ake fesa wa masu cutar sanƙarewar jijiya a baki, kowane feshi miligiram 2.7 ne na THC da 2.5 na CBD, wani sinadarin wiwin, an auna, likita na bibiya. Ƙullin da ake miƙawa a bayan tasha kuwa, ko mai sayarwa bai san ƙarfinsa ba. A Najeriya doka ta haramta wiwi, hukumar NDLEA na kame, kuma tamu tukunyar ta riga ta fashe: a 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, tiramol kuwa har yau ana fama.

Azumin bara Goggo ta makara da sahur, ruwa ya jiƙe itacen. Jikarta ta aika maƙwabta da tukunyar shayi, a kan gas aka tafasa mata. Tata tukunyar tana nan a zaure, an kife mata kwando. Na yi tayin saye sau biyu, ta ce in bar mata abinta.