Laburare a Ƙasar Gamawa: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Makulli?

A ƙidayar 2006 an samu mutum fiye da dubu 280 a Ƙaramar Hukumar Gamawa, yawancinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Tsakaninsu da garin Bauchi, inda Hukumar Laburare ta jiha take, tafiya ce ta fiye da kilomita 200. Duk mai maganar ɗakin karatu na jama'a a wannan yanki, daga wannan nisan ya kamata ya fara. Laburaren da ake zaɓa wa littafi a hedikwata, a yanka masa lokacin buɗewa a hedikwata, ko ƙwan fitila ya mutu sai an rubuta takarda, ba zai taɓa zama na mutanen Gamawa ko Udubo ko Gololo ba. A ganina, ba daga gini gyara zai fara ba. Ikon yanke shawara ne ya kamata ya sauko hannun ma'aikacin da ke wurin, da kwamitin 'yan gari da za su riƙa bin sawunsa.

Arewa ta riga ta gwada ɗaya hanyar. A shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an buɗe ɗakunan karatu na En'e a garuruwa da dama, sannan a 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika musu akwatunan littattafai. Galibin littattafan na Turanci ne, an rubuta su domin wasu mutane a wata ƙasa, masu tsaron ɗakunan kuma ba su da horo. Har a 1963 sai da aka gayyato masani F. A. Sharr ya duba lamarin. Amma a wannan zamanin ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, take shiga zauruka, mutum ɗaya ya karanta, sauran su kasa kunne. Daga shekarun 1980 kuma littattafan Hausa na Kano suka bazu har cikin ɗakunan mata, ana haya ana musanye, ba da kwabon gwamnati ba. To ina maganar cewa mutanenmu ba sa son karatu? Abin da ba sa so shi ne a kawo musu abin da ba a tambaye su ba.

Wanda ke zaune a garin shi ya san cewa da damina ba mai zuwa da hantsi, kowa yana gona, sai bayan la'asar. Shi ya san cewa ranar kasuwa ce mutanen ƙauye ke shigowa, ranar kuwa bai kamata a ga kwaɗo a ƙofa ba. Shi ya san matar aure ba za ta zauna cikin samari ba, sai an ware wa mata rana, an sa mace ta kula da su. Tun 2015 jarabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, ga kuma yaro daga ƙauye da bai taɓa ɗora yatsa kan madannai ba, yana burin shiga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare ko jami'ar jiha da ke Gadau. Kwamfuta biyar da sola mai aiki sun fi masa kanta goma na littattafan da ƙura ta rufe. Haka manomin riɗi da wake, bayani kan iri da ƙwari yake nema, da Hausa, ko da boko ko da ajami.

Za a ce waya ta kashe laburare. Waya tana kawo labari, gaskiya ne, amma sai da data da caji, kuma ba ta ba ɗalibi teburi da fitila da shiru, ba ta kuma faɗa masa wane shafi ne na ƙarya. Za a ce babu kuɗi. Wannan ma hujja ce a gare mu, domin ɗan abin da ke akwai, gara wanda ya san buƙata ya kashe shi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na siyasa: in aka sakar wa ƙaramar hukuma, kujerar za ta zama ladan kamfen, a naɗa ɗan wane. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa ɗaukar ma'aikaci da horar da shi da binciken kuɗi ya kamata su tsaya a hannun hukumar jiha, a kuma ɗauko wanda ya karanci aikin, tunda Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da shi tun 1968. Abin da zai sauko ƙasa shi ne zaɓen littafi da tsara lokaci da ɗan kuɗin gyare-gyare. Kwamiti kuwa ya ƙunshi wakilin hakimi, shugaban makaranta, malamin Islamiyya, mace ko biyu da wakilin 'yan kasuwa. Duk wata uku ma'aikaci ya buɗe musu rajista su ga mutum nawa suka shigo, mata nawa ne a ciki, wane littafi aka nema aka rasa, sannan a aika kwafi Bauchi.