Wayar Lauya da Kuɗin Amana: Yadda Ƙaramin Ofis a Daura Zai Tsare Asusunsa

Ƙaramin ofishin lauya a Daura na iya tafiya kusan kacokan a kan waya: takardu ta WhatsApp, biyan kuɗi ta taransifa, alat kuma nan take. Sai dai a cikin sauƙin nan tarkon yake. Idan kuɗin cinikin gona daga Sandamu ko na rabon gado daga Mai'adua suka faɗa asusun da lauya ke sayen data da man fetur, amana ta cakuɗe da aljihu.

Ƙa'idojin asusun lauyoyi na Najeriya na 1964 sun wajabta wa lauya ya ajiye kuɗin mutanen da yake wakilta a asusun banki na daban, ya kuma riƙe littafin shige da fice. Kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, yana da ikon dakatar da wanda ya taɓa amanar, ko ma ya soke sunansa daga rajista.

A nan waya ke da rana. Manhajar Google Sheets ta isa a buɗe wa kowace shari'a shafinta, da kwanan wata da adadin kuɗi. Hoton rasit ba hujja ba ne, domin ana ƙirƙirar na bogi, sai an ga kuɗin a manhajar banki. Kalandar waya kuma za ta tuna masa 31 ga Maris, wa'adin biyan kuɗin aikin lauya na shekara.

Mai biyan kuɗi shi ma ya tambaya: wane asusu ne wannan?